Yarinyar da Na Bari a Hannun Yaya

Ranar da aka fara lacca na isa aji da wuri, na zauna a layin baya kusa da taga. Jami'armu ce ta turo ni wata ƙasa in yi shekara ɗaya ina karatun haɗa magunguna, su ma suka tura nasu ɗalibin wajenmu. Kowa a gida murna yake yi. Ni kuwa na bar 'yata a hannun yayata, ba ta daɗe da fara magana ba.

Malamar dattijuwa ce, tana magana da sauri kamar ana korar ta. Harshen na iya shi a takarda, amma a bakinta sai ya ɓace mini. Ta yi barkwanci, aji ya kwashe da dariya, ni na yi yaƙe. Da ta ce a rabu biyu-biyu don aikin ɗakin gwaji, kafin in tattara jakata kowa ya sami nasa.

Da aka fita hutun rana na raɓe a ƙarƙashin matakala, na kira gida ta bidiyo. Yaya ta ɗauka, tana shanya.

"Ke, har kin rame? Ba sa ba ku abinci ne?"

"Ina mutuniyar?"

Ta juya wayar. Ga 'yata zaune a tabarma, an yi mata sabon kitso. Na kira ta, na yi mata waƙar da nake yi mata wajen wanka. Ta kalle ni, ta tashi ta cusa fuska a zanin Yaya.

"Mama, kashe," in ji ta.

Yaya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yarinta ce. Kowa Mama take ce masa, har direban maƙwabta."

Na san lallashi ne kawai.

Na wanke fuska na shiga ɗakin gwaji. Malamar ta dubi idanuna. Ta jawo kujera kusa da ita, ta maimaita mini darasin a hankali. Haka ta riƙa yi har shekarar ta ƙare, na kuma ci jarrabawa.

Ranar da na dawo, a filin jirgi, Yaya ta turo 'yata wajena. "Je ki gaishe ta mana." Ta zo ta durƙusa ta ce mini sannu da zuwa, sannan ta koma da gudu ta kama hannun Yaya.