Waƙar Koriyar Mota

Lavelle Pickens, jikan Kaka Earlene, bai taɓa riƙe bindiga ba. Duk unguwarsu a Compton ta Amurka an san haka. A coci ya tashi, yana rera waƙa a sahun gaba da farar riga, muryar nan kamar zuma. Da ya girma sai ya koma gambara, irin ta 'yan daba, wadda a shekarun nan ita ce ke fitar da yaro daga talauci ta ɗora shi a mota mai sheƙi.

Kaset ɗinsa na farko ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Roscoe, mai situdiyon da ke bayan shagon wanki, ya tuntsire da dariya.

"Mutumina, baki kam akwai shi. Amma wa zai sayi waƙar ɗan coci? Me ka taɓa yi? Ko kyanwa ka taɓa kora?"

Maganar ta tsaya wa Lavelle a rai. To, a bara an harbe wani saurayi, Marquis Tibbs, a gaban shagon hamboga da rana tsaka, kuma ba a gano wanda ya yi ba. A shagon aski an sha ba da labarin: a koriyar mota maharbin ya zo, kuma da yaron ya faɗi takalminsa ɗaya ya cire. Lavelle ya kwashe wannan tsaf ya zuba a waƙa. Bai ambaci suna ba, amma ya ce shi ne a koriyar motar, ya ce yana kallo takalmin ya cire.

Kai, jama'a! Waƙa ta kama kamar wutar daji. Kowace mota ta wuce ita ke tashi. Waɗanda ke ce masa ɗan coci suka koma ce masa Big Vell, suna ba shi hanya. Ya sayi sarƙar zinariya mai kaurin igiyar rijiya. In gabansa ya faɗi, sai ya ce wa kansa ai waƙa ce kawai.

Ranar wata Asabar aka zo ɗaukar bidiyo a ƙofar gidan kakarsa. An aro motocin nan masu tsalle, samarin unguwa sun cika titi da jajayen huluna, hayaƙin gasasshen haƙarƙari ya turnuƙe. Kaka Earlene tana ta rabon burodin masara, don ita dai an ce mata jikanta ya yi suna, ba ta taɓa sauraron kaset ɗin ba.

Ana cikin ɗauka sai ga wata mata ta ratso taron da kayan aikinta na tuƙin bas. Lavelle ya gane ta. Mama Odessa ce, uwar Marquis. Ita ce ke ɗaura masa laktaye a coci yana yaro. A tsallaken titi kuma wata baƙar mota ta tsaya, injin bai mutu ba. Keon ne a ciki, yayan mamacin.

"Lavelle," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Cire gilashin nan ka dube ni."

Ya cire.

"Kai ka kashe mini ɗa?"

Aka kashe kiɗa. Roscoe ya matso yana raɗa masa a kunne: "Kada ka ce komai. Yi mata irin kallon nan, kyamara na kanka. Shirun nan shi ne arzikinmu."

Gaba kura, baya siyaki. A unguwar nan, mawaƙin da aka kama da ƙaryar jarumta ya fi gawa rashin daraja; har yara sai sun yi masa ature. In kuma ya yi shiru, ga baƙar mota can, kuma Keon ba ya tambaya sau biyu.

Kaka Earlene ta ajiye faranti. "Wane ɗa? Odessa, me kike faɗa? Lavelle, da kai ake magana!"

"Ba ni ba ne, Mama," ya ce. Muryar ta fito 'yar siririya. "Ranar ma ba na gari. Mun tafi taron coci a Bakersfield, ni na yini ina jera kujeru. Tambayi Kaka."

"Takalmin fa?"

"A shagon aski na ji."

Wani daga cikin samarin ya ƙyalƙyale. "Jera kujeru! Big Vell, sarkin kujeru!"

"Kai, ku ba shi tsintsiya ya share mana titi!"

"Ni da na ce Mamana ta daina gaishe shi don tsoro!"

Roscoe ya buga hularsa da ƙasa. "Ka kashe mu, ɗan banza. Shiru kawai na ce ka yi!" Masu motocin aro suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

Mama Odessa ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Na yarda," ta ce. "Tun kana ƙarami ba ka iya yi mini ƙarya. Amma ka ɗauki faɗuwar ɗana ka sayi sarƙa da ita. Ina tuƙi ina jin yara a bayana suna rera yadda takalminsa ya cire, suna tafi." Ta nuna tsallaken titi da haɓa. "Je ka faɗa masa da bakinka. Ni na gaji da riƙe shi."

Lavelle ya tsallaka, hannuwansa a buɗe. Gilashin motar ya sauka. Keon bai dube shi ba.

"Na ji abin da ka ce," in ji Keon. "Wataƙila ma gaskiya ne, kai ba ka da wannan zuciyar. Amma ba ni kaɗai ke son Marquis ba. Abokansa ba su zo nan sun ji ka ba, kaset suka ji. Kuma ka rera ta fiye da yadda kake musanta ta."

"To in yi yaya, Keon?"

"Kuna da dangi a nesa?"

"A Louisiana."

"Kada Litinin ta same ka a garin nan."

Washegari, maimakon coci, tashar bas Kaka Earlene ta raka shi, da ƙunshin soyayyar kaza a hannunta. Ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta dai gyara masa kwalar riga, ta ce in ya isa ya gaishe da ƙanwarta.

Bas ta tsaya a danja kafin ta hau babban titi. Wata mota ta tsaya a gefenta, samari cike, gilasai a sauke. Muryarsa ce ke tashi, da ƙarfi, da isa, tana cewa shi ne a koriyar mota. Lavelle ya zame a kujera ya ja hula ya rufe fuskarsa har aka ba su hannu.