Zarad a Gwangwanin Maɓallai

Duk unguwar Bani Malik an san Othman da abu biyu: gyaran firji, da tsallen ta'ashir. Na biyun ne ya fi so a ambata. Wasa ne na mutanen Hijaz da ya koya a Ɗa'if tun yana saurayi: a ɗura albarushi a doguwar bindiga ba harsashi, mutum ya daka tsalle ya naɗe ƙafafu, ya harba ƙasa yana sama, wuta da hayaƙi su tashi ƙarƙashinsa. Yanzu gemu ya yi fari, gwiwa tana ƙara, amma ya yi wa 'yarsa Wafa' alkawarin zai yi mata a ranar aurenta.

Sai dai zarad ya ƙare masa, wato 'yar hular tagullar da kunama ke sara ta ba albarushi wuta. Tsohon nan na Ɗa'if da yake sayar masa da irin wanda ya saba da shi ya rasu. Wani abokin wasa ya kawo masa sabon gwangwani, na wani kamfani daban. Othman ya juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya ga girma ɗaya, launi ɗaya, ya ce halas, shi ke nan.

Ranar bikin da hantsi suna filin istiraha, gidan biki na haya a bayan gari, ana shimfiɗa darduma. Mahamat, mutumin Chadi da ya daɗe yana yi musu kiɗa, ya hango gwangwanin ya ɓata fuska. Shi dai Mahamat ko ruwan shayi aka canza sai ya yi magana.

"Abu Wafa', ka canza zarad?"

"Duk ɗaya ne, ya sheikh."

"To na farko na ƙasa ne. Haka muka tarar. A tsaye za ka harba, ba tsalle."

Othman ya yi tsaki. Al'adar ya san ta sarai, shi ma ya sha tilasta wa wasu, amma yau baƙi na hanya, mai kawo raguna bai iso ba. Don dai a rabu lafiya ya ɗura, ya je gefen fili, ya miƙa bakin bindigar nesa da jikinsa ya ja.

Ƙas. Shiru. Har ya buɗe baki zai zagi gwangwanin, sai bindigar ta tashi, ta tone yashi ta watsa masa a tobe, doguwar rigarsa.

Jinkirin bai fi numfashi guda ba, amma Othman ya san abin da numfashi guda yake nufi. Da tsalle ya yi, da ya riga ya dira, tafin ƙafarsa na daidai inda wutar ta sauka. Ya sake gwadawa, wannan ta tashi nan take. Ta ukun ta sake jinkiri. Ya zauna bakin dakali, ya kama hannun Mahamat ya riƙe, ya ce alhamdu lillah.

Tsoro na lafawa baƙin ciki ya taso. Ba zarad, ba wasa. Ya aika aka kira masa matarsa Mastura daga ɓangaren mata don ta lallashi amarya. Ta fito da allura maƙale a abaya, don gyaran rigar Wafa' take yi. Ta saurare shi har ya gama.

"Zarad ɗin nan, ba 'yan jajayen ƙarafan da kake bari a aljihu ba ne?"

Su ne. Tun farkon aurensu suke wannan faɗan. Duk wasan da ya je sai ya dawo da ɗaya ko biyu a aljihun tobe, ita kuma sai ta laluba kafin wanki, tana mitar wata rana zai tashi mata injin wanki.

"Ai zubarwa kike yi."

"Wa ya ce maka? Abin wuta zan zuba a shara, yara na tonawa? Istanna, jira ni."

Ta koma ciki ta dawo da gwangwanin alewar da take tara kayan ɗinki. Ƙarƙashin maɓallai da zare akwai kwalbar magani da murfi a ɗaure, cike da zarad irin na tsohon Ɗa'if, a bushe ƙayau.

Othman ya miƙa hannu, Mahamat ya riga shi.

"Sun daɗe a ajiye. Na farko na ƙasa ne."

Wannan karon ko tsaki babu. Suka gwada, suka sake gwadawa, kowacce na tashi tare da yatsa.

Bayan la'asar kiɗa ya ɗauka, Othman ya shiga fili ba takalmi. Ya juya bindigar, ya daka tsalle, wuta ta buɗe ƙarƙashinsa yana sama, ya dira cikin hayaƙi da ƙafafunsa lafiya lau. Daga bayan labule guɗa ta tashi, kuma ya gane muryar Mastura a ciki.

Da ya samu ganinta a bakin ƙofar mata, ya ce, "Ummu Wafa', duk faɗan aljihun da kika yi mini, Allah ya saka miki da Aljanna."

"Amin," ta ce, ta tara hannu. "Yalla, maza juye aljihun."

Ya laluba. Akwai guda biyu a ciki.