Kwalba Mai Jan Murfi

Kwana huɗu idon tela na dama yana ja wur, haske na sukarsa kamar allura. Na hagu kuwa tun yana yaro ba ya gani da shi sosai. Sai da matarsa ta ɓoye mukullin shago sannan ya je asibiti.

Likita ta haska idon ta ce, "Baba, wannan ba ciwon ɗauka ba ne. Jikinka ne da kansa ya tayar da kumburi a ciki."

"Jikina? Ni nake ci da shi, ni nake tufatar da shi, ya rasa abokin faɗa sai ni?"

Ta ba shi maganin ɗigawa kwalba biyu. Mai farin murfi na kwantar da kumburi. Mai jan murfi na buɗe baƙin tsakiyar ido don kada ya manne. Ta ce duk wanda ya bari, da idonsa yake wasa.

Farar ba laifi. Jar ce masifa. Da ya ɗiga, duk abin da ke kusa sai ya dagule. Ga rigunan 'yan makaranta sittin jibge a kan tebur, shi kuwa ramin allura ya gagare shi. Ya lashi zare ya fi sau goma. Ya ɗinka aljihu a karkace, ya farke, ya sake karkatawa. Rana ta uku ya yi tsaki, ya jefa jar cikin gwangwanin maɓallai.

"Maigida, ka ɗiga jar?"

"Na ɗiga."

"Da baki?"

"Ke likita ce? Ja ya tafi, ki bar ni in yi aiki."

Jan idon ya tafi da gaske. Amma bayan mako guda sai ya fara gani dishi-dishi. Suka koma asibiti shi da matarsa. Likita ta daɗe tana leƙa idon.

"Ya manne wuri biyu. Ina mai jan murfi?"

"Tana hutawa cikin maɓallai," in ji matar.

Aka ɗiga masa wani mai ƙarfi, ya zauna a benci awa guda yana cika yana batsewa. Wuri ɗaya ya saki, ɗayan ya ƙi.

"Wannan ƙila ya zauna haka," in ji likita. "In ka ƙara tsallake rana ɗaya, kada ka tambaye ni sauran."

Daga asibiti shago ya wuce. Ya ɗaure rigunan a zane, ya tsallaka titi wurin telan da ya shekara goma yana kira mai ɗinkin buhu. Ya dire ƙunshin.

"Yau kuma? Lafiya, ƙwararre?"

"Ka daidaita aljihu. Kuma kada ka yi mini dariya, ina ganin haƙoranka dai."