Tsagar Karolina

Maimuna tana tankaɗen gari ta ji ƙarar sanda a jikin mutum, ta kuwa gane, don ba ta kama da dukan jaki. Ta yar da rariya ta leƙa ta ɓular gwangwanin da ya raba gidanta da na maƙwabcinta, Baba Abdulganiyyu wanzami. Ga tsohon a ƙasa, riga ta yage har cibiya, ƙarti biyu a kansa. Dillalin bayin da ya kawo su yana tsaye a inuwa da carbi a hannu, yana tambaya da Larabci a hankali kamar mai cinikin dabino, wai ina Idris.

Idris kuwa yana ɗakin Maimuna, a ƙarƙashin gado, bayan buhun gawayi. Magidanci ne mutumin Damagaram, ya biyo wani madugu ta Sudan zai sauke farali. Da suka iso Makka madugun ya sayar da shi, ya rantse bawansa ne tun daga gida. Idris ya tsere ya faɗo unguwar Tandabawi, inda Hausa ta fi Larabci yawa, Baba Abdulganiyyu ya tsince shi.

Tsohon nan sai ya yi abin da wanzami kaɗai zai yi tunaninsa. Ya zaunar da Idris ya yi masa tsagar gidansu a kuncin dama, don in an zo ya ce ɗan ƙanensa ne, ɗa ne ba bawa ba, ga shaida a fuska. A Katsina, garin su Baba, da wannan ta wadatar. To amma nan wa ya damu da asalin Takari, baƙin da suka zo daga ƙasashenmu? Ran da Idris ya fita ɗebo ruwa wani ya gan shi da ɗanyen ciwo a kunci, irin tsagar kuwa fuska ɗaya ce ke da ita duk garin. Ita ta kawo su ƙofar tsohon kai tsaye.

Tsagar ba irin ta kowa ba ce: sanda a tsaye, da ƙugiya a sama, da ƙafa ɗaya a karkace. Duk mai aski wurin Baba ya sha labarinta, Maimuna ma ta haddace shi ta bayan gwangwani. Kakansa, in ji shi, an kama shi yana yaro a wani hari, aka kora shi kudu har bakin teku, aka cusa shi a jirgin ruwa zuwa Karolina, can ƙasar Amurka. Shinkafa yake nomawa cikin ruwa har gwiwa. Ya gudu, aka bi shi da karnuka, aka ɗaure shi a turke gaban sauran bayi aka manna masa gasasshen ƙarfe mai alamar gudajjen bawa a kunci, har ya ji ƙaurin naman kansa. Sai yaƙi ya tashi tsakanin Turawan ƙasar da Sarkin Ingila. Turawan ƙasar suna ta ihun 'yanci suke so, ba su son sarki a kansu, bulalar kuwa ba su ajiye ba. Mutanen Sarki suka yi shela cewa bawan ɗan tawaye da ya gudo wurinsu ya 'yantu. Ya sake gudu. Agana ta cinye da yawa cikin waɗanda suka gudu tare, Sarki ya sha kaye, aka kwashe ragowar zuwa wata ƙasa mai sanyin kisa, daga nan Saliyo, daga Saliyo ya tako da ƙafa har gida. 'Ya'yansa suka ga ana kallon tabon, suka sa wanzami ya yi musu irinsa, don kada uban ya zauna da shi shi kaɗai.

Dillalin ya gaji da tambaya, ya ɗaga gira. Ƙato ɗaya ya take hannun tsohon na dama, hannun askar, ya murza da dunduniya har ƙashi ya yi ƙara. Ɗayan ya kai masa gindin sanda a haƙarƙari, ya kuma, ya sake kumawa. Maimuna ta cusa bakin mayafi a bakinta. Tsoro ya kama ta, haushin tsohon ma ya kama ta, wallahi ya kama ta, don shi ya jawo musu wannan. Tari ɗaya daga ƙarƙashin gadonta, an gama da Idris, an gama da gidanta.

Baba ya tofar da jini, ya ce da Hausa, "Ku gaya masa gidanmu ba a mayar da wanda ya gudo."

Ba wanda ya fassara. Sai da mazan unguwa suka fara taruwa da muciyoyi da itacen girki sannan dillalin ya janye, ya bar ƙaton da ya taka hannun yana gadin bakin lungu.

Maimuna da mijinta Mukhtaru suka kinkimi tsohon zuwa tabarmarsa. Ta riƙa ɗiga masa zamzam da cokali, rabi na shiga rabi na dawowa ja. Da ma shirin Baba shi ne Idris ya kai Jidda, gidan jakadan Ingila, don ana cewa bawan da ya shiga can da 'yancinsa yake fita. Maimuna ta gaya masa lungu a tsare yake, ko kaza ba ta fita ba a gan ta ba. Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana.

"Ni zan fitar da shi, 'yar nan. A Makka ba a tare gawa. Kada ku jinkirta ni. Ku sa shi a ƙafar makara ta baya, ya rufe fuska kamar mai kuka."

"Haba Baba, daina wannan magana."

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi.

Ana kiran azahar ya cika. Maimuna ta rufe masa ido ta yi kukanta, haushin nan duk ya bi ruwa. Mukhtaru ya yi masa wanka, aka ɓalle gwangwani ɗaya Idris ya ratso, ya naɗe kai da fuska da rawanin mamacin.

Unguwa kaf ta fito. Aka ɗaga makara da sauri irin na Makka, kafaɗa na karɓar kafaɗa. Maimuna ta tsaya a ƙofa, tunda mata ba su bi. A bakin lungu ƙaton ya miƙe yana duban fuskoki. Sai wani dattijo ya ja hannunsa ya ce ya samu lada mana, haka ake yi. La'ananne ya rasa yadda zai ƙi a idon jama'a, ya sa kafaɗa a gaban Idris, ya taka kaɗan ya saki. Makara ta sha kwana.

Ta koma ta ɗauki rariya, ta kasa tankaɗen. Bayan la'asar maza suka fara dawowa, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, babu Idris, babu Mukhtaru. Sai da inuwa ta cika lungu Mukhtaru ya shigo yana ɗingishi, ƙafa ba takalmi, tafin duk ya tashi saboda zafin ƙasa.

"Raƙuman Jidda sun tashi daga zangon Jarwal, da Idris a cikin ayarin," in ji shi. "Hanyar ba ta mara takalmi ba ce."

Maimuna ta tashi. Ta jawo kwano ta tura masa gaban ƙafafunsa, ta karkato tulu ta fara zuba ruwa a hankali.