Shuɗin Bangon Cataldo

Lungunmu, in ka ware hannu biyu, sai ka taɓa bango da bango. Kowace shekara kafin Ista muna shafe gidajenmu da farar ƙasa, haka muka taso muka tarar. Ni kuwa bara sai iyayi ya kama ni. Na gaji da hawa tsani da bokiti, na sayo fenti shuɗi mai duhu, wai sai ya shekara goma bai kode ba.

Matata Filomena ta ce, "Cataldo, gida ne wannan ko jirgin kamun kifi?"

Na ce ita dai ba ta san kwalliya ba.

Tsohuwar da gidanta ke kallon namu, Donna Immacolata, taga ɗaya gare ta, kuma rana ba ta shiga ta kai tsaye. Ashe farin bangona ne ke karɓar hasken ya watsa mata ciki. Shekara sittin tana saƙa a gindin tagar nan.

Wata biyu da shafa fentin, ta fara cewa ɗakinta ya tsuke, bango na matso ta. Ta yi tuntuɓe da kujera, ta fasa goshi. Ɗanta Oronzo ya zo daga Bari, ya tsaya a ƙofata.

"Maƙwabci, kai kake ganinta kullum. Anya Mamma ba ta fara ruɗewa ba? Wai ɗaki ya ƙanƙance."

A lokacin na riga na gane. Na kai mata burodi da tsakar rana, na tarar da ɗakin kamar cikin tulu. Amma na tuna dariyar da Filomena za ta yi mini, sai na ce, "Ai ka san tsufa."

Ya kai ta gidan kula da tsofaffi, ya sayar da gidan.

Kunya ta hana ni zuwa gaishe ta sai bayan Kirsimeti. Na same ta zaune, hannu a cinya, babu saƙa.

"Donna Immacolata, na mayar da bangon fari. Shi ne ya cinye miki haske."

"Ai na sani tun ranar farko, ɗan nan."

"To me ya hana ki gaya wa Oronzo?"

"Da ya ci mutuncinka a gaban unguwa. Ni fa na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma." Ta gyara mayafinta, ta dube ni. "Na ɗauka kai za ka faɗa masa."