Agogon Nagoda

Atika tana cikin jera itacen wankan jego a gindin katanga Rakiya maƙwabciyarta ta yi sallama. Ta shigo tana jan ƙafa, da gani an ba ta saƙon da ba ta son isarwa.

"Yaushe suka ce za a kawo yarinyar?" in ji Atika. 'Yarta Sakinatu take nufi, amma 'yar fari ce, ba ta kama sunanta.

"Hajo ta ce a gaishe ki."

"Ina amsawa. Yaushe?"

Rakiya ta zauna a kan turmi, ta gyara ɗaurin kallabinta wanda ba abin da ya same shi. "Ta ce a can za ta haihu. Wai ba za ta kawo mai ciki ɗakin da abin nan na cikin tasa yake ba."

Atika ta saki itacen da ke hannunta. Tun da aka ce Sakinatu na da ciki take shirin goyon ciki. Ta sa an yi wa ɗaki sabon daɓe, ta sayi babbar tukunyar wanka, ta tara kanwa da kayan yaji, ga itace ya kusa kai tsawon katanga. Duk Tudun Wada ba wadda ba ta san haihuwar fari a gaban uwa ake yinta ba. Yanzu kuma wai Hajo uwar miji ta hana, kuma duk abin da za ta kafa hujja da shi a duniya ba ta samu ba sai agogo.

Agogon na Nagoda ne, mijinta marigayi. Da shi ya dawo daga yaƙin Jamus, Baturen da ya yi wa hidima ne ya kwance daga hannunsa ya ba shi. Bayan ya bar soja ya kama aikin gadin ƙofar jirgin ƙasa, kuma har ya bar duniya agogon bai taɓa tsayawa ba. Da aka zo rabon gado ƙannensa suka yi ta gardama a kan takalma da bargo, ita kuwa ta ce a sa mata agogon a cikin tumuninta. Ba ta iya karanta shi ba, ba ta kuma taɓa ɗaura shi ba. Mace da agogo, ina za ta? Ta sa shi a cikin tasa mai murfi don kada gara ta ci fatar, kullum bayan sallar asuba ta fito da shi ta murza masa kai kamar yadda ta ga mai shi yana yi. Tasar ce ta jawo mata, domin ƙarfe cikin ƙarfe, ƙarar har tsakar gida ake ji.

Ta shiga ɗaki ta ƙulle agogon a bakin zane, ta yafa mayafi.

"Ina za ki da ranar nan?" in ji Rakiya.

"Zan kai mata aljanin su gaisa."

A Tudun Jukun ta iske Hajo a tsakar gida tana tsince shinkafa, ga matan gidan kewaye da ita. Aka yi gaisuwar surukai mai tsawo, aka tambayi gajiya da zafi da mutanen gida, kowacce na murmushin da bai wuce leɓe ba. Sai Atika ta kwance bakin zanenta ta ajiye agogon a kan tabarma. Nan take wata ta suri ɗanta ta yi ɗaki, wata ta hau karanta a'uziyya.

"Ga shi nan, Hajo. Ƙarfe ne da gilashi da fata. Irinsa ne babba a bangon tasha, ɗanki Isiyaku a ƙarƙashinsa yake wuni."

"Na tasha na Nasara ne, su suka san yadda suka yi da shi." Hajo ta janye ƙafarta daga tabarmar. "Ni abin da na sani, abu ba ya ci, ba ya sha, amma dare da rana yana motsi. Kullum da asuba sai kin tashi kin yi masa hidima. Kuma an ji kina yi masa magana, Atika. Ƙarya ne?"

Ba ƙarya ba ne. Atika takan gaya masa tsadar dawa, da wanda ya rasu a unguwa, da ciwon gwiwarta. Ranar da aka ce yarinyar na da ciki, shi ta fara gaya wa. Amma ta yaya za ta zauna gaban matan Tudun Jukun ta ce da mijinta take hira?

"To, na ji. Zan daina murza shi, zai yi shiru."

"Barci zai yi ke nan. In ya farka fa?"

"Sai in binne shi."

"A gidan da za ta kwanta da ɗanyen jiki? Haba Atika. Kin san yadda iska ke son mai jego. Ni ban ƙi al'ada ba, ni ma a gidanmu na yi haihuwar fari. Abin ya bar gidan kawai, in kawo miki ita da ƙafata."

Abin da ya fi ba Atika haushi shi ne Hajo ba da mugunta take yi ba. Tsoron gaske ne a idonta, kuma ba a san yadda ake gardama da mai tsoro ba. Tana cikin ƙulle agogon ta hango Sakinatu a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango, ƙafafunta sun kumbura sumtum. Yarinyar da ta yi wayo tana kara agogon nan a kunne tana dariya, ga ta yanzu ba ta da bakin cewa uffan a gaban uwar miji. Suka haɗa ido, Sakinatu ta sunkuyar da kai.

Atika ba ta koma gida ba. Ta miƙe hanya tana faɗa ita kaɗai, har masu tallan fura suna waiwayenta. Ta zagi tasa, ta zagi wadda ta laɓe ta ji hirarta, ta haɗa har da Baturen da ya rasa abin da zai ba mutum sai abin da zai hana iyalinsa sakat. Da ta kai bakin kogin Kubanni ta tsaya, ta fito da agogon. Jifa ɗaya, magana ta ƙare.

Ta ɗaga hannu, sai idonta ya faɗa kan fatar. Hudar da Nagoda ke sa maƙalli a ciki ta buɗe ta yi baƙi da zufarsa, fatar ta lanƙwashe daidai kaurin hannunsa. Ta tuna yadda yakan kwance shi in zai yi alwala, ya miƙa mata ya ce, "Riƙe mini, kada ki bari ya ji ruwa." Mutumin da bai yarda ɗigon alwala ya taɓa shi ba, shi ne za ta jefa masa a kogi?

"Kai ma dai ka bar ni da aiki," ta ce da agogon, ta sauke hannu.

Daga hayi jirgi ya yi kuka. Ta ɗan tsaya tana kallon hayaƙin, sannan ta tattare zanenta ta haye.

Isiyaku helma ne, wato shugaban 'yan dako, a rumfar kaya ta tasha. Yana tsaye yana yi wa mutanensa tsawa a kan buhunan gyaɗa aka ce masa ga surukarsa. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa can nesa, ya kafa ido a ƙasa. Tun da ya auri 'yarta ba su taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa ba, ita ma gaisuwar daga bayan zana. Atika ta juya masa gefe, ta ajiye agogon a kan wani buhu, ta shiga yi wa buhun bayani.

"Wannan na mai gidana ne. An ce ya bar gidan, to ya bari. Ba sayarwa na yi ba, ba kuma aro ba ne."

"Inna, ai wannan ya fi ƙarfina."

"Ban tambaya ba. Bayan sallar asuba ake murza shi, kullum, ba a tsallake rana. A hankali, da yatsa biyu. In aka ji ya fara tauri a tsaya, kada a nuna masa ƙarfi. Ba ya son ruwa, ko na alwala. In za a taɓa buhu a cire shi."

"To, Inna."

"Tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa tsayawa ba."

"In Allah ya yarda ba zai tsaya a hannuna ba."

Ya matso da rarrafe ya ɗauka da hannu biyu. 'Yan dako duk sun bar aiki sun zuba ido. Ya ɗora a hannu ya sa maƙallin a hudar Nagoda, agogon ya zame har gwiwar hannu, domin Isiyaku siriri ne.

"Sai dai a kai wa baduku ya yi sabuwar huda," ya faɗa a hankali.

Wannan ce ta soke ta, fiye da duk maganganun Hajo. Ta ja mayafi ta rufe fuska. "A yi," ta ce, ta juya ta kama hanya tun kafin ya gama godiya.

Washegari da asuba ta idar da salla, hannunta ya tafi kan tasa da kansa. Sai da ta ɗaga murfin ta tuna.

Da la'asar sai ga Hajo da ƙafarta kamar yadda ta yi alkawari, Sakinatu na biye, wata mata ɗauke da ƙunshin kaya. Hajo ta leƙa ɗakin, ta kasa kunne, ta yi hamdala. Sannan ta baje a tabarma ta karɓi goro, fuskar nan tata fal annuri.

"Ai da mun iso tun ɗazu, mutane ne suka cika mana gida. Kowa so yake Isiyaku ya duba masa lokaci. Har liman ya aiko a tambaya ko azahar ta yi. Duk Tudun Jukun ba mai irinsa, sai ka ce Bature!"

Atika ta dube ta. "A gidanki ya kwana ke nan."

"A ina zai kwana? Yana rataye a ɗakin Isiyaku, har ɗakina ina jin sa."

"Bai hana ki barci ba?"

"Haba, ai wannan daban. A hannun namiji kayan aiki ne."

Maganganu da yawa suka taso wa Atika har maƙogwaro, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi. Ta dubi Rakiya da ta shigo taya ta tarbar baƙi, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Ta dubi ƙafafun Sakinatu. Sai ta haɗiye su duka, ta tura wa Hajo sauran goron ta ce a gaida mutanen gida.

Bayan baƙi sun tafi Sakinatu ta kishingiɗa a kan sabon daɓen, ta yi ajiyar zuciya. Ta daɗe tana kallon inda tasar take.

"Inna, ɗakin ya yi shiru."

"Ki bari ki haihu, ki ga shiru," in ji Atika.

Ta ɗauki tasar ta fita da ita bakin randa, domin a ciki za a riƙa zuba wa mai jego kunun kanwa. Tasar ba ta da datti ko kaɗan, amma har aka kira magariba tana durƙushe tana wanke ta.