Kyandir na Rakiya

"Tauraro biyar fa, Otilia. Biyar! Me kuma kike nema?"

Otilia ta matse wayar tsakanin kunne da kafaɗa tana laluben katin bas a jaka. Yayanta Horia ne daga Torino, inda ya daɗe yana manna tayil a banɗakunan Italiyawa. Tun ranar da likita ya ce ciwon dajin mahaifiyarsu Profira ya shiga ƙashi, babu abin da ya rage sai a nema mata inda za ta ƙarasa kwanakinta da sauƙi, Horia ya zama gwanin gidajen jinyar ƙarshe na garinsu Suceava kaf, alhali bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya ba. Ya samo wani shafi a intanet da ke jera su yana ba su maki, shi ke nan kowa ya shiga uku da shi.

"Tsaya ki ji," ya ce. "A Gidan Senina, kusan duk wanda aka kai, ciwonsa yana lafawa kafin kwana biyu. Ki danna ƙararrawa, nas ta iso kafin ki sauke hannu. Iyalai kuwa sun ce ko gobe za su sake kai nasu."

"Su sake kaiwa? Iyaye nawa gare su?"

"Ke dai da bakinki. Wancan na bayan coci kuma tauraro biyu. Ko otal ne ba zan kwana ba."

"Yaya, ka tambayi shafin naka maganar kyandir?"

Ya ja tsaki mai tsawo, ya ce ubangidansa yana kiransa.

Abu ɗaya tak Profira ta roƙa. Ba ta damu da lambu ko abinci ko faɗin taga ba. Tana so idan lokaci ya yi a sa mata kyandir mai ci a hannu, kamar yadda aka yi wa uwarta da kakarta, domin rai ya ga hanyarsa. Mijinta Toader a asibiti ya cika, shi kaɗai, ba wanda ya kunna masa komai. Tun daga lokacin take barin fitilar baranda a kunne da rana tsaka, wai tana jin sa yana shafa bango yana neman ƙofa. Otilia ta sha yi mata faɗa a kan wannan. Amma ita ma wata rana tana wanke-wanke ta ji wani abu yana goga bangon kicin a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta ce wa kanta bututun ruwa ne, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Gidan Senina yana kan tudu a bayan gari, gilashi daga sama har ƙasa. Babu warin asibiti a ciki, babu ma warin komai. Shirun ya yi yawa har Otilia ta ji kunyar ƙarar takalminta.

Shugabar wurin, Madam Cozma, irin matan nan ce da ke amsa tambaya tun kafin ka gama haɗa ta. Ta nuna mata gado mai tashi da kwanciya da maɓalli, da bututun iskar oksijin da ya fito daga bango a saman kowane gado, da wata 'yar na'ura da ke tura maganin ciwo kaɗan-kaɗan ba dare ba rana. Likita a nan yake kwana. Ta wata ƙofa da ke buɗe Otilia ta hango wata tsohuwa tana barci, fuskarta a sake kamar ta jaririya. Rabon mahaifiyarta da irin wannan barcin tun bazara.

"Kyandir fa?" ta tambaya. "Idan lokaci ya yi."

"Ai kowa sai ya tambaya." Madam Cozma ta yi murmushi, ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani farin kyandir na roba. Ta murɗa gindinsa, wani ɗan haske ja ya fara rawa a kansa. "Wuta ba ta shiga ginin nan, 'yar'uwa. Da iskar da ke cikin bangon nan, ashana ɗaya ta isa ta tashi da bene guda. Amma kin ga wannan? Daga nesa ba ki bambancewa. Batirin ma ga ƙarko. Wannan ɗin kaɗai ya raka mutane da yawa."

Ta danƙa mata shi. Robar tana da ɗumi, kamar yanzu aka zare ta daga hannun wani. Otilia ta ajiye shi a kan tebur da sauri, ta goge tafinta a jikin kwat.

A hanyar fita ta ga irinsu a jere a bakin wata doguwar taga, an manta ba a kashe ba. Dukansu lokaci ɗaya suke rawa, lokaci ɗaya suke dusashewa, lokaci ɗaya suke dawowa. Tana cikin kallonsu sai ta ji an riƙe mata gefen kwat. Wani tsoho ne a keken marasa lafiya, gashin kansa a taje tsaf.

"'Yata, kina shan taba?"

"A'a, Baba."

"To ashana fa? Ko ƙwara ɗaya."

"Baba Nichifor ke nan," in ji Madam Cozma tana dariya, tana ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ko mai gyaran famfo ne ya shigo sai ya roƙe shi."

Tsohon bai yi dariya ba, bai kuma ɗauke ido daga Otilia ba. "Ɗakina yana kallon baranda," ya ce. "Ina ganin yadda waɗanda suka cika suke fita. Lalube suke yi."

A bakin ƙofa Madam Cozma ta gaya mata cewa gado ɗaya ya samu da safen nan, za a riƙe mata shi zuwa tashin aiki yau. Akwai wasu a layi.

Gida na biyu yana bayan wata tsohuwar coci kusa da kasuwa, matan cocin ne ke tafiyar da shi. Tun daga ƙofa warin miya mai tsami da fitsari da kakin zuma ya tarye ta. Wata doguwar tsohuwa mai baƙin ɗankwali, da ta ce a kira ta Tanti Aglaia, ta shige gaba ba tare da ta tambayi abin da ya kawo ta ba. Katakon ƙasa a gefen kowane gado ya yi baƙi ya yi santsi, inda kaki ya ɗiga aka kankare, ya sake ɗiga aka sake kankarewa.

A gefen wasu gadajen akwai mata zaune a kan kujeru marasa majingina, kowacce da siririn kyandir da kwalin ashana a cinya, idonta a kan ƙirjin wanda ke kwance. Ba sa saƙa, ba sa hira. Da Otilia ta shigo duk suka ɗago tare suka dube ta, ba fuskarta ba, wajen ƙirjinta, sannan suka mayar da kai.

"Tun da aka buɗe gidan nan ba wanda ya tafi a duhu," in ji Tanti Aglaia. "Ko ɗaya. Idan wannan ta gaji, waccan ta karɓe ta."

Otilia ta ji wani sanyi ya sauka a zuciyarta, har ta kusa cewa a ajiye mata gado. Sai ta lura da wata ƙara da take ji tun shigowarta, wadda ta ɗauka kare ne aka ɗaure a bayan gida. Daga ɗakin ƙarshe take fitowa. Ta leƙa. Wani mutum ne da bai wuce sa'an Horia ba, ya cusa gefen zanin gado a baki yana taunawa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Matar da ke gefensa ta riga ta zaro ƙwarar ashana tana riƙe da ita tsakanin yatsu.

"Tanti, likita fa?"

"Talata da Juma'a."

"Yau Laraba."

"Na sani, 'yata. Muna ba shi abin da likitan ya bari. Idan ya ƙare sai addu'a." Ta yi alamar gicciye. "Jiki ne, ai nan za a bar shi."

Otilia ta fito ta tsaya a bakin titi tana numfashi kamar wadda aka kora. Horia ya kira sau biyu, ba ta ɗauka ba. Haushinsa take ji, da shi da shafinsa da taurarinsa, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne shafin bai yi ƙarya ba ko a wuri ɗaya.

Matakalar benensu ta cika da ƙamshin tattasai da maƙwabta ke gasawa don ajiyar hunturu. Ta hau zuwa hawa na huɗu. Maƙwabciyar da ta bar wa makulli ta tafi ɗauko jikanta daga makaranta, gidan shiru. Ta tura ƙofar ɗakin mahaifiyarta, sai ta tsaya cak.

Profira tana kishingiɗe, rana ta cika ɗakin, ga kyandir yana ci a hannunta na dama. Kaki ya gangaro ya rufe yatsunta, ya daskare, wani ya hau kan wani.

"Mama!"

Idon ya buɗe. "Kada ki yi mini ihu a ka. Na ji kamar lokacin ya zo ne, kuma ba kowa a gidan."

"Kin ƙona hannunki!"

"Wannan ce ƙuna? Ban ma ji ba."

Otilia ta durƙusa don ta duba hannun, sai ta ga faranti a ƙarƙashin gado cike da guntayen kyandir. Ashe duk ranar da ta tafi shagon labulen da take aiki, haka tsohuwar ke wuni, ita kaɗai, da wuta a hannu, tana jira.

Kafin ta ce wani abu ciwon ya taso. Bayan Profira ya banƙare, diddigenta ya tokare katifa, ta ciji leɓe har ya fashe. Harshen wutar ya yi ta kaɗawa amma ba ta saki kyandir ɗin ba. Da ƙarar ta ƙwace daga bakinta, Otilia ta gane ta. Ita ce ta ɗakin ƙarshe na gidan bayan coci. Ta ba ta ƙwayar maganin da ta rage, ta riƙe ta, ta yi ta riƙe ta har jikin ya saki.

Sannan ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta kira Madam Cozma. Maganar ba ta yi tsawo ba.

Da ta dawo, Profira ta dube ta da idon da ya faɗa ciki. "Kin zaɓa?"

"Na zaɓa, Mama. Gidan Senina. Gobe za su turo mota. Akwai likita kullum, za ki yi barci."

"Suna kunna kyandir?"

"Suna kunnawa."

"Na gaske? Mai wuta? Kin san an ce yanzu har na roba ake yi."

Otilia ba ta taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, ko tana yarinya ba ta iya ba. Ta dubi jinin da ke leɓen, ta dubi yatsun.

"Mai wuta, Mama. Na gani da idona."

Profira ta saki wani dogon numfashi, fuskarta ta warware. Ta ɗago kyandir ɗin kusa da baki, ta hura sau ɗaya bai mutu ba, ta sake hurawa.

"To bari in bar wannan haka kada ya ƙare. Sa mini shi a jaka, cikin farar rigata. Ki haɗa da ashana, kada a ce mun zo muna roƙo."

Otilia ta ɓamɓare guntun daga yatsun a hankali, ta naɗe shi a hankici, ta sa a jakar, tsohuwar tana bin ta da ido har ta ja zip.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Profira. "Allah ya ba ki mai riƙe miki naki."

Otilia ta buɗe baki za ta ce amin, ya ƙi fitowa.